Gwanin Sulalewa

A majami'armu ta Sabon Gari kowa da baiwarsa. Akwai masu wa'azi, akwai masu waƙa, akwai wata tsohuwa da in ta kama addu'ar abinci sai tuwo ya huce. Ni tawa baiwar sulalewa ce. Shekara da shekaru wurin zamana benci na ƙarshe, gefen da ke jikin ƙofa, kuma na laƙanci lokacin da ake tashi ido bai gan ka ba: bayan an karɓi baiko, kafin magatakarda ya miƙe da takardar sanarwa. A ɗan wannan tsakanin mawaƙa suna kan waƙa, mata suna gyara ɗauri, dattawa sun duƙufa kan ƙirgar kuɗi. Sai in dafe aljihu, in ɓata fuska irin ta wanda waya ta dama, in fice. Kafin Fasto ya sa albarka ni ina cikin adaidaita sahu a France Road, na nufi Titin Katsina.

Ba wa'azi nake gudu ba. Wa'azi ba ya cin aljihu, ba ya cin takalmi. Sanarwa nake gudu. A cikinta ake cewa wane yana kwance a asibiti, za a je duba shi ranar Talata. Wance ta rasa maigidanta, za a kai gawa Zonkwa ko Biliri ko Zuru, kowane magidanci ya kawo abin da aka yanka masa. Zumuntar Maza ta tsaya bayan sujada. Ni kuwa warin asibiti yana juya mini ciki, littafin Ma'aji yana tsinka mini zuciya, fuskar wanda aka yi wa rasuwa kuma tana kashe mini baki. Na taɓa daurewa na je ta'aziyya a Badawa. Na tarar da matar mamacin zaune a tabarma, idanu sun kumbura. Na durƙusa, duk gaisuwar da na haddato a hanya ta gudu, sai na ji bakina yana cewa, "Sannu da hutawa." Tun daga ranar na yanke wa kaina hukunci: zuwana gidan makoki ƙarin masifa ne, zamana a gida kuwa jinƙai ne ga bayin Allah.

Allah kuma ya hore mini uzuri mai kyau, domin a Rijiyar Lemo nake zaune. Ni Bakano ne, daga Hausawan karkara da ake ce wa Maguzawa. Kakana ya shigo birni neman magani a asibitin ido da mishan ta SIM ta buɗe a 1943, ya koma ƙauye da tabarau da sabon addini. Bayan rikicin Oktoban 1991, wanda ya tashi kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke, da na Mayun 2004 da ya biyo bayan kashe-kashen Yelwan Shendam, 'yan'uwa da yawa da ke haya a Kurna da Rijiyar Lemo sun kwashe kayansu sun koma Sabon Gari da Badawa. Ni ban tashi ba. Maƙwabta sun san ni, na san su, ga shi kuma hayar Sabon Gari ba ta malamin makaranta ba ce. Wasu a ikilisiya suna yaba mini ƙarfin hali a kan haka, ni kuma ba na musa musu. Abin da na samu dai shi ne jumla ɗaya mai buɗe kowace ƙofa: "Ai kun san daga Rijiyar Lemo nake." Da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, sai jumlar ta ƙara ƙarfi.

Akwai uzurin da ya fi wannan muni, shi ma zan faɗa tunda na fara. Bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012, majami'un Kano suka jera durom a bakin ƙofa, ana laluben kowa kafin ya shiga. Ranar 27 ga Yulin 2014 aka jefa bam a cocin St. Charles daidai lokacin da jama'a ke fitowa, mutum biyar suka mutu. Gari yana jimami, ni har wannan na ɗauka na saka a jakar uzurina. Na ce wa uwargida, "Kin ga abin da nake faɗa? Cunkoson fita ake hari. Tashi da wuri hikima ce."

Ba ta ko ɗago daga keken ɗinkinta ba. Ta ce, "Malam, tun ba a haifi Boko Haram ba kake wannan hikimar."

Ita 'yar Zumuntar Mata ce ta gaske, ita ke buga musu tulu. Ta san wadda ta haihu, ta san wadda miji ya kora, ta san wadda aka yi wa aiki da lambar gadonta. Ranar da suka sa anko suka fita ziyara ba a ganinta sai magariba. Ina yi mata ƙorafin kuɗin anko da na mota, ina kiran su ma'aikatar yawo. Abin kunyar shi ne tarihi nake koyarwa, na san dalilin wannan yawon sarai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka yanka Sabon Gari wajen 1913 don baƙi su zauna a bayan ganuwa. Baƙo kuwa ba shi da dangi a kusa. In ya kwanta ba mai kawo masa kunu, in ya mutu gawarsa na da doguwar tafiya a gaba. Ibo da Yarabawa suka kafa ƙungiyoyin garuruwansu. Mu masu sujada da Hausa, da Bajju da Ngas da Tangale da Bura da Dakarkari da irinmu Hausawan ƙauye, ba gari ɗaya muka fito ba. Abin da ya haɗa mu harshen nan ne, da Littafi Mai Tsarki da aka buga da shi tun 1932, da Littafin Waƙoƙi, da takardar nan ta magatakarda. Na sha bayyana wa ɗalibai irin wannan a allo ranar Juma'a, in sulale ranar Lahadi.

A ƙarshen 2022 ƙafafunta suka fara kumbura, fuska ma takan tashi da safe. Tana da hawan jini tun da daɗewa, amma irin shan maganin mutanenmu take yi: in kai ya sara a sha, in ya lafa a ajiye. Likita ya duba takardun gwaji ya ce ƙodojin duka biyu sun gaza, sai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, kowane zama wajen awa huɗu tana jone da na'ura. Muna fitowa daga ofishinsa, kafin ma in tambaye ta yadda take ji, na ce, "Kada ki gaya wa kowa a coci tukuna." Na kawo mata hujjar sirrin gida da rufin asiri. Ƙarya ce. Wanda bai taɓa zuwa duba kowa ba, da wane ido zai karɓi masu zuwa duba shi?

Sirrin bai kai mako ba. Tulu ya yi shiru a wurin koyon waƙa, kashegari da la'asar sai ga adaidaita sahu sun tsaya a bakin titi, mata cikin anko suna sauka da kuloli, yaran unguwa suna biye da su har cikin lungunmu. Uwar Zumunta ce a gaba, tsohuwar nas, mai jiki, mai tafiya da sanda. Na fito ina 'yan kame-kame, ina "Sannunku da zuwa, Mama, ai da ba ku wahalar da kanku ba." Ta tsaya ta ƙare wa ƙofar gidan kallo, ta dubi agogon hannunta, ta ce, "Ɗana, ashe nan ne Rijiyar Lemon? Yadda kake faɗa mun ɗauka sai an yi biza." Ta wuce ni ta shiga wurin mai jiki.

Daga ranar jinya ta fita daga hannuna. Sun rubuta jadawali a bayan kalanda, wadda za ta kwana da ita, wadda za ta karɓe ta da safe, domin namiji ba ya kwana a ɗakin mata. Ba zan ce duk abin da suka zo da shi alheri ne ba. Addu'arsu ba ta san ɗakin marasa lafiya ba, har sai da wata nas ta kore su zuwa baranda. Wani ɗan'uwa ya ja ni gefe ya ce in binciki gidana, wataƙila akwai zunubin da ba a furta ba. Da ina da ƙarfin hannu da na furta masa wani sabo a fuska. Wata kuma ta kawo jarkar jiƙo daga ƙauyensu, alhali likita ya ja mana kunne cewa irin waɗannan sassaƙe-sassaƙen suna daga cikin abin da ke ƙarasa ƙoda. Uwar Zumunta ta karɓa da godiya, ta zaga baya ta tuttular a kwata. Abincin ma haka. An hana mai jiki gishiri, an auna mata ruwan sha, an hana ta ayaba da lemo, su kuwa ba su fasa kawo kuloli ba: tuwon masara, faten acca, shinkafa da wake, farfesun kayan ciki. Barin abinci ya lalace zunubi ne. A watannin nan ita tana ramewa, ni wandona yana matse ni.

Maganar jini ita ce wadda ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Mai ciwon ƙoda jininsa yana ƙarewa, saboda ƙoda ce ke aika saƙon da ke sa ɓargo ya ƙera sabo. Ɗakin ajiyar jini kuma ba ya ba ka leda sai ka kawo wanda zai mayar da madadinta. Ni ne miji, ni aka fara turawa. Ina tsoron allura tun ina yaro. Na zauna a kujera gumi yana bin bayana, yaron ɗakin gwajin ya soki ɗan yatsana, ya duba, ya ce, "Baba, kai ma kaɗan ya rage a nema maka." Ya ce jinina bai kai ba. Matata tana can sama tana numfashi da ƙyar, ni ina saukowa daga kujerar nan wani sanyin daɗi yana ratsa ni. Na ɓata fuska, har na yi tsaki don mutane su ji, amma a ciki godiya nake yi.

Ranar Asabar da sassafe sai ga mazan zumunta a baranda. Akwai makanike da baƙin mai a farce, akwai mai gadi da ya taso daga aikin dare, akwai tsohon soja, akwai samarin mawaƙa. Rabinsu ban san sunansu ba. Suka shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fito da auduga a maƙale a gwiwar hannu. Ni aikina raba lemon kwalba. Wani saurayi ya karɓa, ya rusuna, ya ce, "Mun gode, Baba. Mama kam mun san ta. Kai a wace majami'a kake sujada?" Ina cikin ikilisiyar nan tun uwarsa tana budurwa.

Sai kuma canjin kuɗi ya faɗo mana a Fabrairun 2023. Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, tsofaffin aka daina karɓa, sababbin ba a ganinsu. Bankuna layi har titi, masu POS suna sayar maka da kuɗinka, taransifa kuma ta tafi ta ƙi isa, na'urar wanki kuwa ba ta jiran kowa. Ranar da na rasa yadda zan yi, Ma'aji ya same ni a bencin asibiti da baƙar leda a hammata. Ya kwance ta a tsakaninmu. 'Yan hamsin-hamsin ne da ɗari-ɗari da ashirin-ashirin, waɗanda canjin bai shafa ba, duk sun yamutse, wasu an liƙe su da salatif, suna warin kifi da manja. Muka daɗe muna warwarewa muna jerawa a cinya. Da muka gama ya zaro littafin nan da na shekara ina gudu, ya ce in sa hannu. Yana buɗe shafuka ina shirya jawabin ban haƙuri.

Shafina a cike yake. Kowane wata an biya, shekara bayan shekara, har da gudummawar gawar Zonkwa da ta Biliri da ta Zuru. A gefen kowane layi an rubuta da jan biro: ta hannun uwargida. Ashe duk lissafin da nake yi na abin da sulalewa ta tara mini, daga kuɗin ɗinki da na cefanen gidana ake cirewa. Sai a lokacin na gane dalilin da nama ke ɓacewa daga miya a ƙarshen wata, ina ta zagin mahauta. Na hau sama na same ta, na ce, "Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta ce, "Da na faɗa da ka hana." Ta huta kaɗan, sannan ta ce, "Kuma Malam, gawarka nake tanadar wa mota. Ban san tawa ce za ta riga ba."

Dariya ta yi. Ni na fita baranda.

Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, da ba ya fashin zuwa. Ba ya kawo komai, ba ya yin doguwar addu'a. Ya ce, "Yaya mai jiki?" In ce da sauƙi. Ya zauna kusa da ni ya ɓantari goro, ya yi awa guda bai ƙara kalma ba, sannan ya kaɗe rigarsa ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ya tafi. Duk cikin masu zuwa shi na fi jira, shi kuma ya fi ba ni haushi, domin ya rusa mini babbar hujjata. Na ce ban iya magana a gaban mai baƙin ciki ba, ga mutum yana yin aikin gaba ɗaya ba tare da magana ba.

Haƙƙin maƙwabta ma sai na sauke. Tun Yulin 2022 an hana adaidaita sahu fita bayan ƙarfe goma na dare, kuma ciwo bai san da wannan doka ba. Daren da numfashi ya sarƙe mata, Sabon Gari ta yi nisa da gaske, karo na farko da jumlar nan tawa ta zama gaskiya. Alhajin da ke jikin katangarmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, shi ya fito da jallabiyar barci ya tayar da mota. Na yi masa maganar kuɗin mai, ya ce, "Haba Malam, kada ka zage ni."

Ta rasu da damina, 'yan watanni bayan cire tallafin mai ya ninka kuɗin zuwa asibiti. Kafin in dawo gida maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi a ƙofa. Liman ya yi mini gaisuwa, ya tambaya ƙarfe nawa za a kai ta, domin a unguwarmu wanda ya rasu da safe ba ya kai la'asar a gida. Na ce mu sai an kwana biyu, a jira 'ya'ya da dangi, a yi sujada, sannan a kai ta ƙauye. Ya jinjina kai, suka ci gaba da zama abinsu har kwana uku. Daren kwanan zaune Uwar Zumunta ta aika a tambayi Alhaji ko waƙa za ta dami jama'a. Ya ce su yi, ai marigayiya ma ta sha jin wa'azin azuminsu ba ta taɓa ƙorafi ba. Suka cika tsakar gida da lungu, suna rerawa a hankali, ba tulu.

Ina ne mijin marigayiya a wannan lokaci? Ya sulale. Na ji ba zan iya ɗaukar "yaya haƙuri" ko guda ɗaya ba kuma, na dafe aljihu, na bi ta bayan masu waƙa, na fita bakin titi wurin mai shayi, na zauna a duhu. Can sai ga Ma'aji. Bai yi mini faɗa ba. Ya sa aka haɗa mana shayi, muka sha, sannan ya ce, "Malam, yau kam babu sanarwa. Taso mu koma."

Na ce, "Ashe kana gani na?"

Ya ce, "Kowa yana ganinka. Teburin da muke ƙirgar baiko yana kallon ƙofa. Magatakarda ma ba ya duba agogo, in ka tashi ya san lokacinsa ya yi."

A daren nan, gawar matata tana ajiye a asibiti, a gaban mai shayi, na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma hawayen suka ƙi tsayawa. Ya bar ni na gama, ya biya kuɗin shayi, ya riƙo hannuna muka koma.

Motar da ta kai ta ƙauye da bas ɗin da ya kwashi masu rakiya, ban san nawa aka biya ba har yau. Na ɗauki adashin da ban taɓa zubi ba. Abin da ya fi riƙe ni kuma ba na ranar jana'iza ba ne. Kowa ya san bayan mako guda ƙafa takan ɗauke, gida ya koma fayau, a bar ka da takalman mamaci a bakin ƙofa. Su ba su ɗauke ba. Jadawalin bayan kalanda suka juya kaina. Wata ta aiko ɗanta da kula, wani ya biyo ya ce in raka shi aski, dattijon reluwe ya ci gaba da zuwa da goronsa har Rijiyar Lemo. A watannin da ban ga dalilin tashi in yi wanka ba, ina tashi ne don na san wani zai yi sallama, kuma ina jin kunyar ya same ni a haka.

Kada mai karatu ya ɗauka na warke. Na koma benci na uku daga baya, nan ne iyakar ci gaban. Ina tsayawa sanarwa, amma in an ambaci asibiti cikina yana kaɗawa kamar da. Sun saka ni cikin masu ziyara, wai na san hanyoyin asibiti da inda ake yankar kati. Ina zuwa, in tsaya kusa da ƙofa, in ce yaya mai jiki, in ƙirga fankokin sili. A watan da ya wuce na buga waya na ce cunkoson Kurna ya riƙe ni, alhali ina kwance a ɗaki ina sauraron rediyo. Littafin Ma'aji kuwa yanzu da hannuna nake biya, kuma kowane wata sai na ji zafinsa.

Akwai wani ɗan'uwa da ke kwance, ana neman masa jini leda biyu ranar Asabar mai zuwa. Kulolin Zumuntar Mata sun yi aikinsu: an sake auna ni, an ce yanzu jinina ya kai har da rara. Ma'aji ya ce shi zai zo ya ɗauke ni da ƙarfe bakwai, don bai yarda in taho ni kaɗai ba.